Mai tambaya ma yana da hannu a cikin amsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato alƙaluman bincike da kafafen yaɗa labarai suke kawo mana kusan kowane mako, inda za a ce kashi kaza cikin 100 na magidanta sun gamsu da wani shirin tallafi, ko kashi kaza na mata suna kwana da ƴaƴansu cikin sange, sai mai karatu ya ɗauka kamar a kan sikeli aka ɗora abin aka auna. Na yi shekaru ina cikin masu yawo ƙauye-ƙauye da takardar tambayoyi a jihar Damagaram, daga ƙasar Mirya zuwa Magarya da Matamaye, wani lokaci har Tanut da Gure, saboda haka na san yadda ake dafa waɗannan alƙaluma tun daga murhu. Abin da na gani shi ne, sau da yawa wani ɓangare na amsar da muke komawa da ita ofis mu ne muka je da ita a cikin mota, alhali ba mu yi niyyar ha'inci ba, wanda muka tambaya kuma bai yi niyyar ƙarya ba.

Domin kada a ce zato nake yi, bari in fara da labarin wani doki, tun da mu mutanen Damagaram ba baƙin doki ba ne. A farkon ƙarni na 20 an yi wani malamin lissafi a birnin Balin na ƙasar Jamus mai suna Wilhelm von Osten, yana da doki da ake kira Hans, wanda aka ce ya iya tarawa da ɗebewa. Idan aka tambaye shi uku da huɗu nawa ne, sai ya buga ƙasa da kofato sau bakwai ya tsaya. A shekarar 1904 aka naɗa kwamiti na mutum 13, cikinsu har da likitan dabbobi da hafsan sojan doki da malaman makaranta, suka duba suka ce ba su ga wata yaudara ba, kuma gaskiyarsu ne, domin dokin yana amsawa daidai ko da maigidansa ba ya wurin. Sai da wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Oskar Pfungst ya sake gwajin ta wata hanya sannan asiri ya tonu. Ya ga cewa idan mai tambayar ya san amsa, dokin yakan dace kusan sau 89 cikin 100, idan kuwa mai tambayar bai san amsar ba, sai dacewar ta faɗo zuwa sau 6 cikin 100, haka nan idan aka kare idon dokin yadda ba ya ganin mai tambayarsa. Ashe mai tambaya yakan ɗan sunkuyar da kai yana kallon kofato, da zarar bugun ya kai adadin da yake jira sai jikinsa ya saki ya ɗan ɗaga kai, motsin da sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, dokin kuwa wannan yake jira ya tsaya. Pfungst ya wallafa sakamakonsa a 1907, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin labarin shi ne, shi kansa da ya gano sirrin, idan ya tsaya gaban dokin yana ƙoƙarin hana jikinsa motsi, ba ya iyawa. Duk wanda ya taso kusa da bargar fada ya san doki yana fahimtar mahayinsa tun kafin a ja linzami. To idan dabba tana karanta fuskar mutum haka, ina ga magidancin da ya shekara hamsin yana karanta fuskokin dillalai a kasuwar Dole?

Ni kaina na yi irin wannan ɗaga kai, kuma ban gane ba sai bayan an daɗe. Wata shekara bayan kaka, wata ƙungiyar agaji ta ɗauke mu aikin auna yawan amfanin gona a wasu ƙauyukan kudu, kuma tun a wurin horo aka gaya mana cewa damina ba ta yi kyau a yankin ba, ana sa ran samun giɓi mai yawa. Tambayar ita ce dami nawa magidanci ya samu na hatsi. Idan mutum ya faɗi adadi kaɗan, sai in rubuta nan take in wuce gaba, saboda ya yi daidai da abin da ke cikin kaina. Idan ya faɗi adadi mai yawa, sai alƙalamina ya tsaya a sama, in dube shi in ce, “Malam, ka tabbata? Har da na bara ka haɗa?” Shi kuwa sai ya yi shiru kaɗan, ya ce to, wataƙila bai kai haka ba, ya rage. A lokacin ina ganin tsantseni nake yi, ina tace amsa, ban lura cewa gefe ɗaya kawai nake tacewa ba. Kafin mu kai gida na biyar labari ya riga mu zagaya gari cewa baƙin nan ƙaramin adadi suke rubutawa da sauri. Rahoton da ya fito ya tabbatar da abin da aka gaya mana a wurin horo, kowa ya yi murna da ingancin aikin. An ce mai nema yana tare da samu, sai dai a sha'anin bincike wannan karin magana abin tsoro ne.

Masana sun gwada wannan al'amari da gangan. A 1963 Robert Rosenthal da Kermit Fode, a wata jami'a ta jihar Dakota ta Arewa a Amurka, sun raba wa ɗalibai 12 ɓeraye biyar-biyar domin su koya musu bin hanya a cikin akwati mai lunguna. Rabin ɗaliban aka ce musu ɓerayensu irin masu basira ne, sauran aka ce musu nasu dolaye ne, alhali duk ɓerayen iri ɗaya ne, ƙuri'a kawai aka jefa wajen rabo. Da aka gama, ɓerayen da aka laƙaba wa basira suka fi sauran saurin koyo, kuma ɗaliban da suka riƙe su suka ce sun fi tausasa musu hannu, sun fi jin daɗin aiki da su. Daga nan Rosenthal ya haɗa kai da wata shugabar makarantar firamare, Lenore Jacobson, a jihar Kalifoniya, suka yi wa yara gwajin basira, sannan suka zaɓi kusan kashi 20 cikin 100 ta hanyar ƙuri'a suka gaya wa malamai cewa waɗannan ne ake sa ran za su buɗe a bana. A sakamakon da suka wallafa a 1968, waɗannan yara sun fi ƙaruwa a gwajin ƙarshen shekara, musamman ƴan aji ɗaya da aji biyu. Adalci ne in faɗa cewa an soki ma'aunin da suka yi amfani da shi tun a shekarar da aka wallafa shi, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, ya fi ƙarfi ne idan malami bai riga ya san yaran ba. Amma wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ainihin halin mai tattara bayanai, wanda kullum baƙo ne a garin da ya je, bai san kowa ba sai abin da aka gaya masa a ofis.

Wannan gefen mai tambaya ke nan. Gefen wanda ake tambaya ya fi zurfi, kuma a nan ne nake ganin mutanen ofis suka fi yi wa talaka gurguwar fahimta. A 1962 wani masani mai suna Martin Orne ya so ya samo aikin banza da mutum zai ƙi yi idan aka ce masa gwajin kimiyya ne. Ya tara wa mutane takardu cike da lambobi su riƙa tarawa, kuma duk takardar da suka gama sai su yayyaga ta aƙalla gida 32 su ɗauki wata. Mutane suka yi ta yi na tsawon sa'o'i. Da aka tambaye su dalili, sai suka ce sun ɗauka juriyarsu ake aunawa. Orne ya fahimci cewa wanda aka sa a gwaji ba ya zama kamar dutse, tunani yake yi a kan abin da ake nema a wurinsa, kuma yawanci yana son ya zama mutumin kirki wanda bai ɓata wa malamin aikinsa ba. Waɗannan kuwa mutanen Amurka ne da ba su haɗa komai da mai gwajin ba. A ƙasarmu, inda aka ce baƙonka annabinka, inda ake shimfiɗa maka tabarma a kawo ruwa da fura kafin a ji abin da ke tafe da kai, son faranta wa baƙo tarbiyya ce da aka sha a nono. Mutumin da ya karɓe ka a zaurensa ba zai dubi idonka ya ce rijiyar da mutanenka suka gina ruwanta ba ya shayuwa ba. Zai ce an gode, Allah ya saka da alheri, ku kuma ku sa alama a gidan “na gamsu”.

Akwai kuma lissafin rayuwa, wanda ba laifi ba ne mutum ya yi shi. Kakanninmu sun san ƙidaya a zamanin Nasara a matsayin share fagen lanho, da jangali a kan dabbobi, saboda haka wanda ya zo da takarda yana tambayar kawuna nawa ne a gida, rage masa ake yi. Mu kuma muka tashi a zamanin da takarda take nufin jerin sunayen waɗanda za a ba hatsi ko kuɗi, musamman tun daga yunwar 2005, saboda haka ƙara masa ake yi. Tambaya ɗaya ce, gida ɗaya ne, amma adadin mutanen gidan yakan kumbura ko ya motse gwargwadon abin da maigida ya karanta a jikin farar motar da ta tsaya ƙofar maigari. Idan ya ga tambarin waɗanda suka riga suka ba shi, zai yabi shirin domin kada a janye. Idan ya ga tambarin waɗanda ba su ba shi ba tukuna, zai bayyana talaucinsa har da ƙari domin kada a tsallake shi. Mun sha karanta wa mutane jawabin da ke saman takarda cewa wannan bincike ba shi da alaƙa da rabon kaya, su kuma su gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗawar da ake yi wa yaro idan ya ce bai ci sukari ba alhali ga shi a bakinsa. An auna irin wannan a ƙasar Saliyo, a wani bincike da aka wallafa a 2015, inda a ƙauyuka 60 aka ba mutane kuɗi aka ce su ɗebi abin da suka ga dama su ba wani. A wasu wuraren aka sa wani Bature ya zauna a wurin, ba ya cewa uffan, sai kyautar da mutane suke bayarwa ta ƙaru da kusan kashi 19 cikin 100. A ƙauyukan da suka fi sabawa da ƙungiyoyin agaji kuwa, mutane sun fi ɗaukar cewa wasan gwaji ne na tantance wanda za a taimaka wa, kuma sun fi riƙe hannunsu. Bature bai yi magana ba, fatarsa ce ta yi.

Ba launin fata kaɗai ke magana ba. Tun a 1929 wani masani mai suna Stuart Rice ya sake duba hirarrakin da aka yi da kusan mutum 2,000 marasa galihu a birnin New York, ya tarar cewa mai tambayar da yake adawa da giya ya fi gano cewa giya ce ta kassara su, wanda kuma yake da ra'ayin gurguzu ya fi gano cewa rashin aiki da halin masana'antu ne, har ma bayanin da aka rubuta a matsayin maganar bakin mutanen ya karkata zuwa ra'ayin wanda ya tambaye su. A 1942, a birnin Memphis, baƙaƙen fatar Amurka sun fi bayyana ƙorafinsu game da wariya idan baƙar fata ne ya tambaye su. A Alkahira, wani bincike na 2013 ya nuna cewa mata Musulmi sun fi bayyana riƙo da addini idan mai tambayar tana sanye da hijabi. A nahiyarmu kuma, masana sun duba bayanan ƙasashe 14 na Afrobarometer, ƙungiyar da ke binciken ra'ayin jama'a a Afirka, suka wallafa a 2016 cewa amsoshi suna bambanta gwargwadon ko mai tambaya da mai amsa ƙabilarsu ɗaya. Wannan na ƙarshe bai kamata ya ba mutumin Damagaram mamaki ba, inda a rana ɗaya ayarin bincike zai shiga gidan Bahaushe da na Babarbare, ya yi yamma a rugar Fulani ko zangon Buzaye. Ina yaba wa Afrobarometer a kan abu ɗaya, wato tambayar da suke yi a ƙarshen hira, cewa wa kake tsammani ya aiko mu. Mutane da yawa a ƙasashe daban-daban sukan ce gwamnati, ko da yake an gaya musu tun farko cewa ba ita ba ce, kuma wanda ya ɗauka gwamnati ce ke sauraro ba zai yi maganar mahukunta yadda yake yinta a majalisar shayi ba.

Sai batun harshe, wanda a ganina shi ne babbar ƙofar da son ran mai tambaya yake shiga ba sallama. Yawancin takardun da muka yi aiki da su da Faransanci aka rubuta su, mu ne muke juya su zuwa Hausa da baki a gaban mai amsa, kowa da irin tasa juyawar. Hausa kuwa tana da ƴan ƙananan kalmomi masu nauyin buhu. “Kuna kwana cikin sange?” tambaya ce. “Ai kuna kwana cikin sange ko?” umarni ne da aka yi wa rawanin tambaya, kuma babu uwar da za ta ce a'a a gaban wanda ya zo daga wajen likita. “Ba dai ruwan tabki kuke sha ba?” ta riga ta gaya wa mutum cewa amsa ɗaya abin kunya ce. Mai tambayar da ya gaji, rana ta take, ga shi ana biyansa gwargwadon yawan takardun da ya cika, zai riƙa jefa “ai” da “ko” da “dai” ba tare da ya ji su ba, domin suna gajarta hira. Kada a raina tasirin kalma ɗaya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar “ragargaza” sun ƙiyasta kusan kilomita 65 a sa'a, waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar “taɓa” suka ƙiyasta kusan 51. A gwaji na biyu, bayan mako guda, mutum 16 cikin 50 na waɗanda suka ji “ragargaza” suka ce sun ga fasasshen gilashi, a kan mutum 7 cikin 50 na waɗanda suka ji “buga”, alhali babu gilashin da ya fashe a hoton. Idan kalma ɗaya a harshe ɗaya ta yi haka, sai a ƙiyasta abin da ke faruwa idan mutum ashirin suna fassara tambaya ɗari da ka.

Amsar ma sai an fassara ta a mayar. Bahaushe yana kwance rai a hannun Allah, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ka ce yaya shekara, zai ce sai godiya. Takarda kuwa tana da gidaje huɗu ko biyar, daga “na gamsu ƙwarai” zuwa “ban gamsu ba sam”, kuma babu gidan “alhamdu lillahi” a cikinsu. Mai tambaya ne zai yanke hukuncin gidan da zai jefa wannan godiya, hannunsa kuma zai tafi inda zuciyarsa take tsammani. Haka nan matar da kunya ta hana ta ambaton ɗan farinta, ko wadda ba ta son lissafa ƴaƴan da suka rasu a gaban saurayi sa'an ɗanta, ga mijinta a gefe, ga ɗan aiken maigari a tsaye yana taya baƙi neman gidaje. Duk waɗannan suna cikin adadin da ake bugawa, sai dai ba a ganinsu.

Likitoci sun riga kowa neman maganin wannan cuta. Tun a 1784, kwamitin da Sarkin Faransa ya naɗa, wanda Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier suke ciki, ya ɗaure idanun mutane domin gwada da'awar wani likita mai suna Mesmer ta warkarwa da wani ƙarfi na ɓoye, aka ga cewa mutum yana jin tasirin ne idan ya ɗauka ana yi masa, ko ana yi ko ba a yi. Daga irin wannan tunani aka kai ga ƙa'idar yau, inda ake raba marasa lafiya ta ƙuri'a, a ba wasu magani, a ba wasu abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki, kuma a ɓoye wa mai sha da mai bayarwa da mai aunawa wane ne ya sami wane. Ba sai mun je nesa ba. A Madarumfa ta jihar Maraɗi aka gwada wani rigakafin zawo mai tsanani na jarirai a kan yara fiye da 3,500 bisa wannan ƙa'ida, aka wallafa a 2017 cewa yana kare kusan kashi biyu cikin uku. A jihar Doso kuma aka yi ɓangaren Nijar na gwajin raba wa ƙananan yara maganin azitromisin sau biyu a shekara, tare da Malawi da Tanzaniya, sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a garuruwan Nijar da suka sami maganin. Dalilin da ya sa nake amincewa da waɗannan alƙaluma fiye da na gamsuwa da rijiya shi ne, ma'aikacin da ya shiga gida yana ƙirga yara bai san ko garin nan magani aka ba shi ko kamarsa ba, saboda haka ko ya ɗaga kai irin na masu tambayar Hans, bai san inda zai ɗaga shi ba.

Na san ba za a iya ɓoye wa mutum cewa an gina rijiya a garinsu ba, amma ana iya ɓoye wa mai tambaya abin da ake fatan samu. Da a wurin horon nan ba a gaya mana cewa ana sa ran giɓi ba, da alƙalamina bai riƙa tsayawa a sama ba. Wanda ya raba kaya bai kamata ya zama shi ne zai koma ya tambaya ko kayan sun yi amfani ba, kuma bai kamata mai tambayar ya je cikin motarsa da hularsa ba. Tambayoyi a rubuta su da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci tun a ofis, a ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da su Faransanci a ga ko ma'ana ta kauce, kuma muna da malaman harsuna da na zamantakewa a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram da za su iya wannan aiki ba sai an ɗauko wani daga waje ba. Inda ido zai iya gani, a bar tambaya, domin gani ya kori ji: a nemi izini a duba ko sangen yana rataye ko yana cikin ledarsa. Abu mafi sauƙi da ban taɓa ganin an yi mana ba shi ne a raba gidaje ga masu tambaya ta ƙuri'a, sannan a kwatanta sakamakon kowane da na ɗan'uwansa. Idan a unguwa ɗaya gidajen da ni na shiga duk sun fi na abokina yunwa, to yunwar a bakina take. Ga tambayoyin da ake jin nauyin amsawa kuma, tun 1965 Stanley Warner ya kawo dabarar da mai amsa zai jefa ƙuri'a a ɓoye ta zaɓa masa tambayar da zai amsa, ta yadda mai tambaya ba zai san abin da “i” ɗinsa yake nufi ba, amma lissafi zai fitar da adadin jama'a gaba ɗaya.

Ba ina kira a yi watsi da bincike ba ne, Malam Edita. Ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 17 ba za a tsara mata asibiti da makaranta da ji-ta-ji-ta ba, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da cibiyoyin bincike irin su LASDEL ta Yamai suna da ƙwararrun da suka san duk abin da na faɗa fiye da ni. Shi kansa wannan batu bai tsira daga zuzutawa ba. Shekaru da yawa ana koyar da cewa a masana'antar Hawthorne da ke kusa da Chicago, tsakanin 1924 da 1927, ma'aikata sun ƙara ƙwazo duk lokacin da aka canza hasken fitila, ko an ƙara ko an rage, don kawai sun san ana kallonsu. Da Steven Levitt da John List suka samo ainihin takardun gwajin fitilar suka sake lissafi, sai suka wallafa a 2011 cewa labarin ya fi hujjarsa girma. Masu ba da labarin ma sun ga abin da suke son gani.

Roƙona ga jaridarku ƙarami ne, kuma ba ya bukatar kuɗi. Idan aka kawo muku rahoto a taron manema labarai, wakilinku ya tambayi wanda ya biya kuɗin binciken da wanda ya shiga gidaje, ya tambaya ko su ne masu shirin da ake aunawa, sannan ya nemi a ba shi tambayar kamar yadda aka furta ta da Hausa, kalma da kalma, ku buga ta kusa da adadin. Mai karatu Bahaushe da kansa zai ji ko akwai “ai” da “ko” a cikinta. Idan aka ce babu rubutacciyar Hausar tambayar, wannan ma labari ne, a buga shi.

A aikina na ƙarshe kafin in bar wannan sana'a, na yi hira da wata tsohuwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Tanut, kusan sa'a guda tana amsa mini tambayoyi a kan abinci da ruwa da magani, tana kallon hannuna duk lokacin da ta yi magana. Da na rufe takarda na yi mata godiya zan tashi, sai ta riƙe gefen rigata ta rage murya ta ce, “Ɗana, na dai faɗi daidai ko?” Na ce mata, “Daidai ne, Inna.” Takardarta tana cikin waɗanda aka ƙirga.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai tattara bayanai,
Unguwar Birni, Damagaram.